Yadda muka shigo da aljanun Shakespeare makarantar 'yan mata

Daga 2021 zuwa 2025, duk ɗalibin da ya ɗauki adabin Turanci a jarrabawar WAEC sai da ya yi arba da A Midsummer Night's Dream, wasan barkwancin nan na William Shakespeare. Kuma kasonsa ba kaɗan ba ne: a takardar canki-canka mai tambaya 50, guda 20 daga cikinsa ake ɗebo su. A tsakuro layi uku ko huɗu, a ce wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina suke. Ni kuwa ina koyar da darasin ne a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Jigawa, inda Turancin yau ma sai an yi da gaske, balle na shekara 400 da suka wuce. Yarana sun haddace sunaye tsaf, amma a tambaye su wa ke son wa a cikin dajin nan, sai ido. Ban ga laifinsu ba. Samari biyu, 'yan mata biyu, sunayen 'yan matan ma Hermia da Helena, ga soyayyar tana sauya alƙibla cikin dare ɗaya. A takarda ruɗani ne. A dandali kuwa, da ka ga wanda ke bin wata a guje ka gane. Shi ya sa a zango na biyu na shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 na ce mu tashi daga kan benci mu yi wasan da jikinmu.

Ga wanda bai san labarin ba: Theseus mai mulkin Atina yana shirin auren Hippolyta, sarauniyar da ya ci da yaƙi. Ana cikin haka wani dattijo ya kawo ƙarar 'yarsa Hermia, ta ƙi mijin da ya zaɓa mata, dokar garin kuma ta ce ko ta bi, ko a kashe ta, ko ta ƙare rayuwarta a gidan bauta ba aure. Sai ta gudu daji da masoyinta Lysander. Demetrius, zaɓin uban, ya bi sawunsu, Helena da ke mutuwar son Demetrius ita ma ta bi shi. A dajin akwai wasu masu sana'ar hannu su shida da suka laɓe suna gwajin wasan da za su yi a bikin sarki. Kuma dajin yana da masu shi: Oberon sarkin aljanu da matarsa Titania, waɗanda ba sa ga maciji da juna a kan wani yaro.

Masu dajin nan su suka fara ba ni aiki tun ba a karanta layi ɗaya ba. Duk wanda ya yi aiki a makarantar kwana ta mata ya san tashin aljanu: yarinya ɗaya ta faɗi tana ihu a ɗakin kwana, kafin a ankara wasu sun bi ta, a kira masu ruƙiyya, iyaye su cika bakin get, wani lokacin har a sallami yara gida. Ko me mutum ya ɗauka game da sababin abin, babu shugabar makarantar da ke wasa da shi. Da na kai wa tamu takardar neman izini, ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malama, muna zaune lafiya za ki kira mana su da sunansu?"

Na ce, "Hajiya, ai waɗannan na Ingila ne, ba su san hanyar nan ba."

Ta yi dariya, amma ba ta sa hannu ba sai da ta gindaya sharuɗɗa. Ba garaya, ba goge, ba turaren wuta. Kada a ari sunan ko ɗaya daga iskokin bori a liƙa wa wata. Ba yarinyar da za ta faɗi tana shure-shure. Ba gwaji bayan magariba. Kuma kada a kusanci tsamiya.

Na tsamiyar nan ya fi yi mini ciwo. A bayan ɗakin cin abinci take, tsohuwa, rassanta sun sauko har suna neman taɓa ƙasa, daji ne da Allah Ya riga Ya gina mana kyauta. Na je na ɗan lallaɓa Baba mai gadi ko zai sa baki, ya ce, "'Yata, ko kujera ban yarda a ajiye a gindinta ba." Shi ke nan, muka koma filin taron safe, muka kafa daji da rassan darbejiya da aka dasa a bokitan yashi. Batun dare kuwa bai dame ni sosai ba, duk da cewa tsakiyar wasan gaba ɗaya a farin wata take faruwa. Ai su Shakespeare ma da rana tsaka suke wasa a Landan, a gidajen wasa marasa rufi a tsakiya, ba fitila ba komai. Bakin 'yan wasa ne ke gaya wa mai kallo cewa dare ya yi. Muka tsayar da lokaci daga bayan la'asar zuwa kafin kiran magariba, wato awa ɗaya da rabi, kuma wannan ne ya zama ma'aunin abin da za a yanke.

Sharaɗin bori ma a ganina daidai yake, ko da an ajiye maganar tsoro gefe. Aljanun wasan nan ba masu hawa kan mutum ba ne. Ƙananan halittu ne na tatsuniyoyin ƙauyukan Ingila, idan sun tsorata a ƙoƙon 'ya'yan itace suke ɓuya. Puck, ɗan aiken Oberon, sana'arsa tsokana: ya hana madarar mata fitar da mai komai kaɗawa, ya ɓatar da matafiyi cikin dare yana yi masa dariya, ya rikiɗa ya zama kujera, tsohuwa ta zo zama ya zame ta sha ƙasa. Da Gizo ya fi kama. Haka muka yi shi, har da tsamin bakin, kuma tun daga nan ƙananan yara suka daina kallon mai fitowa a matsayinsa a kaikaice.

Rubutun da Hausa muka yi shi, ni da 'yan aji biyar da aji shida, littafin Turancin a buɗe a gefe. Abin da na nace a kansa shi ne kada kowa ya yi magana iri ɗaya, don marubucin ma bai yi haka ba. Manyansa da baitoci marasa amsa-amo suke magana, aljanu sau da yawa da gajerun baitoci masu amsa-amo, masu sana'a kuwa zube, maganar bakin kasuwa. Sai muka ba fada Hausar fada, da ranka ya daɗe da Allah ja zamaninka. Aljanu muka ba su waƙa da tafi irin na gaɗa, tun da an hana kayan kiɗa. Masu sana'a muka sake su da karin harshen Haɗejiya yadda yaran suka taso da shi.

A wajen wannan aikin ne muka iso jawabin Titania na farkon kashi na biyu. Layi ne sama da 30 a jere, kuma shi na fara sa wa alama cewa zai sha almakashi, don ba dariya a cikinsa, labarin ma yana tafiya ko babu shi. Tana gaya wa mijinta abin da rigimarsu ta jawo wa duniya. Iskoki sun yi fushi sun zuƙo hazo mai cuta daga teku sun zuba a tudu, har ƙananan rafuka sun yi girman kai sun tsallake gaɓarsu. San noma ya ja garma a banza, manomi ya yi asarar guminsa, hatsi ya ruɓe tun bai fitar da kai ba. Garke ya zama kango a cikin ruwa, hankaki sun yi ƙiba da mushen tumaki. Filin wasan da matasa ke yankawa a ƙasa ya cike da laka. Ciwon sanyi ya yawaita. Lokutan shekara sun yi musayar tufafi, har duniya ta kasa gane wanne ne wanne. Ta rufe da cewa duk wannan zuri'ar masifa su biyun ne iyayenta.

Yarinyar da na ba ta karanta 'yar wani ƙauye ce a yankin Auyo. Da ta zo kan hatsin da ya ruɓe sai ta tsaya, ta ɗago kai.

"Malama, ashe su ma ruwa yana cinye musu gona?"

Watanni kaɗan ke nan da ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A ajin nan akwai 'yan Ringim, da Miga, da Kafin Hausa, da garuruwan bakin kogin Haɗejiya. Akwai wadda a kwalekwale aka fito da ita ta dawo makaranta. Akwai wadda yayyenta suka kwana suna jera buhunan yashi a jinga, da asuba ruwa ya ɓalle ta wani gefen. Ajin da ba ya magana sai an kira suna, ranar sai da na riƙa cewa a yi ɗaya bayan ɗaya.

Amsar tambayarta kuwa e ce. An rubuta wasan ne wajen 1595 zuwa 1596, aka fara buga shi a 1600, kuma daga 1594 zuwa 1597 Ingila ta yi shekara huɗu a jere ruwa yana lalata amfanin gona. Hatsi ya yi tsada, talakawa suka shiga yunwa. A 1595 yaran masu sana'a sun yi bore a Landan a kan tsadar abinci, a ƙarshen 1596 kuma wasu 'yan ƙauye a yankin Oxford suka yi yunƙurin tayar wa masu gonaki, abin bai je ko'ina ba aka kama su. Masana da yawa suna ganin wannan yanayin ne ya shigo bakin Titania. Ke nan mutanen da suka fara kallon wasan sun zo ne da sanin kuɗin burodi a ransu. (Shi kansa marubucin ba ya cikin masu yunwar. A ƙidayar hatsin da aka yi a garinsu Stratford a watan Fabrairun 1598, sunansa ya fito cikin masu ajiya mai kauri. Da na gaya wa yaran, wata ta ce ashe ɗan kasuwa ne, irin masu saye da kaka su jira bazara.)

Jawabin bai sha almakashi ba. Sauran wurare ne suka biya kuɗinsa, musamman doguwar cacar bakin masoya huɗun nan, wadda na rage kusan rabi ba tare da na ji an yi asara ba. A gaban dandali muka haƙa ramukan dara a ƙasa, tun da wasan da Titania ta ambata a jawabin shi ma na jera uku ne, muka kwaɓa laka muka cike su. A kansu Titania za ta tsaya.

Sai ga Malamin Islamiyya. Wata daga cikin yaran ce ta kai masa rubutun, kuma ya yi kyau da ta kai. Ya same ni a ɗakin malamai, ya yi sallama, ya zauna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Malama, ruwa da iska da fari duk a hannun Allah suke. Yaya za ki sa yarinya ta tsaya gaban iyaye ta ce ita da mijinta suka juya damina?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tatsuniya ce."

Ya ce, "Tatsuniya ce a wurinki. Wanda gonarsa ta nutse bana, da wani kunne zai saurara."

Ba shi da niyyar hana wasan, kuma maganarsa tana da nauyi. Mun yi ta juya ta har muka tsaya a kan abu biyu. Na farko, a sa mai ba da labari ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ta rufe da "Ƙurunƙus," don kowa ya san a wace rumfa yake zaune. Na biyu shi ne wanda ya sauya fasalin wasan duka. Malam ya kawo aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ya ce da masu rigimar nan mutane ne, da bai ce uffan ba. Nan na tuna da wata dabara da masu shirya wasan suka daɗe suna yi, wadda ta yi suna tun shirin da wani darakta ɗan Ingila, Peter Brook, ya yi a 1970 a Stratford: ɗan wasa ɗaya ya fito a Theseus da Oberon, 'yar wasa ɗaya ta fito a Hippolyta da Titania. Wato sarki da sarauniyar rana su ne na dare. Malam ya yi shiru, sannan ya ce in dai mai kallo zai gani da idonsa cewa su ɗin ne, to ba laifi.

Don haka sauya kaya a gaban jama'a muka yi shi. Telar makaranta ta ɗinka alkyabba biyu masu fuska biyu, waje fari da aikin zare, ciki kore da ganyen yadi da aka liƙa. Idan za a shiga daji, sarki da sarauniya su tsaya tsakiyar fili, fadawa su cire musu alkyabba, su juya, su mayar. Wannan ya warware mana wani ƙulli da ke kashi na huɗu, inda Oberon da Titania ke fita, a daidai lokacin kuma Theseus da Hippolyta su shigo da mafarauta. Ba sai an ruga bayan labule ba. Juyi ɗaya, an busa ƙaho, gari ya waye. Wata ta tuna mana da camfin nan cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi, 'yan uwanta suka ce ai dama kowa ɓata ya yi a wannan dajin.

Rabon matsayi bai yi wuya ba sai a kan Bottom, masaƙin da Puck ya ɗora wa kan jaki, wanda kuma asirin Oberon ya sa Titania ta kamu da sonsa. Kowa na son ta ba da dariya, ba mai son a riƙa kiranta jaka har ta gama makaranta, kuma duk wadda ta yi makarantar kwana ta san suna irin wannan ba ya fita. Wadda ta karɓa a ƙarshe ita ce mai surutun aji shida, wadda kowane malami ya taɓa kora waje. Ta ce ita dai a bar ta ta ƙara nata. Na ce ta ƙara, amma kada ta taɓa layukan da ake tambaya a jarrabawa.

Kan jakin da kwali muka fara, aka lulluɓe da tsofaffin jaridu da koko na sitaci, aka shanya, aka shafa toka da aka dama da ƙaro. Kunnuwa soson tsohuwar katifa ne da waya a ciki, don Titania ta iya lanƙwasa su tana shafawa. Ya yi kyau a ido, amma mai shi ba ta jin abin da ake faɗa, mu ma ba ma jin ta, ga gumi yana jiƙa kwalin daga ciki. Sai muka yanke haɓar gaba ɗaya, ya zama hula mai dogon hanci, bakinta a waje. Hakan ma ya fi, don rabin abin dariyar a fuskarta yake: Bottom bai san an sauya masa kai ba, yana zaune sarauniyar aljanu tana yi masa kirari, shi kuwa abin da ke ransa a sosa masa ƙeya a kawo masa harawa da dusa. Da a ce makarantar haɗaka ce, wannan fitowar ba za ta yiwu a gaban iyaye ba. Mu kuwa duk mata ne, masu fitowa a maza sun sha babbar riga da rawani a kan hijabi, sun fi kowa suturta. A zamanin marubucin akasin haka ake yi, samari ke fitowa a mata, don sai a 1660 mata suka fara hawa dandalin wasa na jama'a a Ingila.

Sauran masu sana'ar, da kafinta, da tela, da mai gyaran zugazugi, da mai facin tukwane, da mai haɗa katako, ba su buƙaci koyarwa ba. Cewa kawai na yi su yi shi kamar tashe. Wasan da suke shiryawa labarin Pyramus da Thisbe ne, wanda aka ɗauko daga mawaƙin Rum Ovid: masoya biyu da ke zance ta tsagar bango, zaki ya shiga tsakani, kowa ya kashe kansa. Sai mutum ɗaya ya zama bango, wani ya zama farin wata da fitila da ƙaya da kare. Bangonmu tabarma ce da aka yaɓa wa laka aka rataya wa yarinya a wuya, yatsunta biyu su ne tsagar. Karen na tsumma ne. Babban abin da ke damun waɗannan bayin Allah shi ne kada zakinsu ya firgita matan fada a rataye su, don haka suka shirya gabatarwa: zaki zai leƙo da fuskarsa ya ce kada a ji tsoro, shi wane ne mai haɗa katako. Muna cikin gwajin wannan wurin sai ga saƙo daga ofis, wai Hajiya ta ce kafin a fara, kowace aljana ta fito ta faɗi sunanta da ajinta. Yaran suka kwashe da dariya har da masu zama a ƙasa. Mun bi umarnin, kuma da aka zo kan zaki, iyaye da kansu suka gane inda aka dosa.

Furen da ake matsa ruwansa a idon mai barci, ya farka ya kamu da son abin da ya fara gani, wanda a wasan aka ɗiga wa Titania da Lysander da Demetrius, bai zo wa kowa da baƙunta ba. Tun karatun farko suka sa masa kwallin idonka idona, muka ba Puck 'yar tandu da maɗigi. Abin da ya tayar da gardama shi ne ƙarshensa. An warware wa Lysander, an warware wa Titania, amma Demetrius har aka ɗaura aure da kwallin a idonsa. Wata ta tambaya ko auren Helena ya halatta tun da da asiri aka same shi. Na tura ta wajen Malam. Sai kuma yaron da ake rigima a kansa. Uwarsa aminiyar Titania ce a ƙasar Indiya, wajen haihuwarsa ta rasu, Titania ta ɗauki riƙonsa saboda ita, Oberon kuma yana son ya mayar da shi ɗan rakiyarsa. A ajin nan ba wadda ba ta san gidan da aka yi irin wannan rashin ba, don haka babu ko ɗaya da ta goyi bayan Oberon. Amana ce, in ji su, kuma ya ƙwace ta da wulaƙanci. A rubutun asali yaron ba ya cewa komai, ba a ma sa shi cikin masu fitowa ba. Mu mun aro ɗan wata mai dafa abinci, ya riƙe gefen zanen Titania, a kashi na huɗu kuma a gan shi a bayan Oberon.

Kayan sawa sun zo daidai da lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ga mai yadi a kasuwa ya ce shi bai san taransifa ba. Da aro muka rufa asiri: manyan riguna daga mazan malamai, rawani daga wani mai unguwa, fukafukan ƙananan aljanu kuwa gidan sauro ne da ya yage.

Ranar ziyarar iyaye muka yi shi, kafin azumi. Mata a tabarmi, maza a benci, Hajiya a kujerar gaba da carbi a hannu. Da dattijon ya fito yana neman a kashe 'yarsa in ba ta bi zaɓinsa ba, ɓangaren mata ya ɗauki guna-guni, ɓangaren maza kuwa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Puck ta samu dariyarta. Sannan aka juya alkyabba, Titania ta tako ta tsaya a kan ramukan dara. Ba lasifikar kirki, don haka na koya mata ta yi a hankali, ta jefa kowace jimla har bencin baya. Ba ta yi kuka ba, na hana. Da ta zo kan garken da ya zama kango, wani dattijo a baya ya ce da ƙarfi, "Wallahi haka aka yi." Da ta ce su ne iyayen wannan ɓarna, Oberon ya ba ta amsar da marubucin ya sa masa, wato to ki gyara mana, ai a hannunki yake, ba ni yaron kawai. Wata uwa ta ce, "Ji shi fa!"

Akwai abin da sai da na ga wasan a tsaye na lura da shi sosai. Bayan wannan jawabin, ba wanda ya sake tayar da maganar gonaki. Oberon ya sami yaron, ya tausaya wa matarsa, suka yi rawa, suka je suka sa wa gadajen amare albarka. Manomin da ya yi asarar guminsa ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ban ƙara wa Shakespeare layi ko ɗaya don in gyara masa wannan ba, ba aikina ba ne. Abin da muka yi kawai, masu sana'a sun bi ta cikin lakar nan tun a daji, da ita a ƙafafun wandunansu suka shigo fada, kuma na gaya wa masu fitowa a manyan gari kada su sassauta ba'ar da suke yi musu. Jama'a sun yi dariyar bango da zaki har da hawaye, musamman da Bottom, a matsayin Pyramus, ta mutu ta tashi ta gyara wa sarki magana. Amma duk sanda wani ɗan fada ya jefa baƙar magana, dariyar takan ragu, kuma na fi son hakan.

Ba wadda ta faɗi, a ranar ko a daren. Wani uba daga yankin Guri ya tsayar da ni a bakin get ya ce wasa ya yi, sai dai su nasu aljanun ciyawar kacala ce da ta toshe hanyoyin ruwa, in da hali a yi wasa a kanta. Malam ya ce alkyabbar ta yi aikinta, amma har yanzu bai gamsu da auren Helena ba. A aji kuwa, na daina jin ana haɗa Hermia da Helena, sai dai in na karanto layi na ce wa ya faɗa, sunan 'yar ajinsu suke fara kira kafin su tuna na littafin. Mai surutun nan ta amsa sunan Jaka har ta gama, da alfahari ma.

Daga 2026 littafin ya sauya zuwa Antony and Cleopatra, inda sarauniyar Masar ke kashe kanta da saran maciji. Na fara yi wa Hajiya shimfiɗar maganar, ta ce in dakata nan: maciji ba zai shigo mata makaranta ba, ko na roba ne.